Tambaya kan labarin soyayyar mutum da iska a zamanin Keltawa

Binta, daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Ni marubuciya ce mai tasowa, na saba tura gajerun labaran soyayya a zaurukan WhatsApp. Tun da aka gama girbin gero nake fama da labarin wata budurwa ta zamanin Keltawa, wata tsohuwar al'ummar Turai, wadda ta kamu da son saurayin da ba bil'adama ba ne. Da na karanta wa yayata babin farko muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, sai ta ce aljanin tsamiyar bayan garinmu ne kawai na sanya wa jan gashi. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Ina neman wanda zai fayyace mini yadda iskokin mutanen nan suke, da zamanin da ya dace in ɗora labarin a kai.

Malam Sani, Birnin Kudu:
Wa'alaikumus salam, Malama Binta. Sai kin fara zaɓen ƙasa, domin Keltawa sun bazu a Faransa ta yau da Birtaniya da Ayalan. Juliyas Kaisar, jagoran yaƙin Rumawa, ya ci na Faransa da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sannan Rumawa suka shiga Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, inda sarauniya Budika ta yi musu tawaye wajen shekara ta 60 har ta ƙone Landan. Ayalan kuwa Rumawa ba su taɓa mulkinta ba, kuma a can ne labaran iskoki suka fi wanzuwa, saboda malaman Kirista sun rubuta su bayan zuwan addinin a ƙarni na 5. Shawarata ita ce ki tsaya a Ayalan kafin wannan lokaci.

Rayuwarsu ba za ta ba ki wuya ba, tunda ɗakunansu zagayayyu ne masu jinkar ciyawa, kuma da shanu ake auna arzikin mutum, har kwasar garken wani sarki ta zama abin da ake yi wa kirari. Malamansu na gargajiya, durud, su ne alƙalai, ba sa rubuta iliminsu, kuma Kaisar ya ce wasu kan yi shekara 20 suna hadda. Kada dai ki girka musu dankalin Turawa, don bai iso daga Kudancin Amurka ba sai a ƙarni na 16.

Hajiya Hauwa, Dawakin Tofa:
'Yata Binta, yayarki ta yi miki gata. A labaranmu aljani ne yake zuwa inda mace take, ya shiga jikinta, ya hana ta aure, sai an kira malami ya yi ruƙiyya. Iskokin mutanen Ayalan kuwa, waɗanda ake kira "shi", suna zaune ne a ƙarƙashin tsofaffin tuddai da wata ƙasa ta bayan teku, kuma sun fi shahara da ɗauke mutum su kai shi can, musamman a daren Sawin, daren ƙarshe na Oktoba, lokacin da suka yi imani ƙofa tana buɗewa tsakanin duniyoyin biyu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokaci. A tatsuniyarsu, wani jarumi mai suna Oshin ya bi wata 'yar iskoki zuwa Tir na Nog, ƙasar da ba a tsufa. Da kewar gida ta dame shi, ta ba shi farin doki, ta gargaɗe shi kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya iso ya tarar shekara 300 sun shuɗe, babu ko ɗaya daga mutanensa. Da ya sunkuya zai taya wasu ɗaga dutse, majayin sirdi ya tsinke, ya faɗo, nan take ya zama tsoho tukuf. Ki duba, babu kishiya, babu mugun boka, amma zuciya ta karye.

Isiyaku, Haɗeja:
Ina ƙara jan hankalinki, Malama, cewa masu karatu a ƙauyukanmu za su yi miki tambayar aƙida. Ki bar mutanen labarin su faɗi imaninsu da bakinsu, ke kuma ki tsaya a matsayin mai ba da labari.

Binta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na sare tsamiyar daga labarin. Yanzu budurwar za ta bi shi cikin tudu a daren Sawin tana neman saniyar mahaifinta da ta ɓace, ta kwana uku a lissafinta, ta fito riƙe da igiyar saniyar, ta tarar jikar ƙanwarta ce ke tatsar nono a ƙofar gidansu. Zan sake karanta wa Yaya ranar Juma'a.