Wace lambar samfefa zan saya don goge tsohon teburin madaci da hannu?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar katako ku taimaka min. Akwai wani tsohon teburi na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na madaci ne, tun muna yara a kansa yake ajiye littattafansa da rediyo, yanzu banish ɗin duk ya ɓaɓɓare ga tabon kofin shayi ga wani wuri da ruwa ya taɓa kwanciya ya yi baƙi. So nake in gyara shi da hannuna, ba na son a sa masa inji. Shekaranjiya na shiga kasuwar Katako a nan Jos neman samfefa, mai shagon ya ce wace lamba, ni kuma wallahi ban san tana da lamba ba, na ce a ba ni mai kyau kawai, aka miƙo min wata baƙa mai laushi an rubuta P400 a bayanta. Kusan awa biyu ina gurzawa, takardar ta cike da wani abu kamar danƙo amma teburin ko gezau. Sai maƙwabcina ya ba ni ragowar tasa mai lamba 40, na gwada a gefe ɗaya, ta cire banish ɗin kam amma ta bar zane-zane kamar kyanwa ta yakushe shi, nan take na tsaya don raina ya ɓaci sosai. Wacce ya kamata in saya? Sannan ƙofar gidanmu ta ƙarfe ma ta fara tsatsa, ita ma iri ɗaya ake sa mata?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, kuma ka yi kyau da ka tsaya. Teburin bai lalace ba in dai madaci ne tsantsa, zanen zai fita.

Lambar da ke bayan takardar girman tsakuwar da aka manna take nunawa, ƙaramar lamba tsakuwa manya mai ci da yawa, babbar lamba tsakuwa ƙanana mai sulɓi. To kai ka ɗauko ta can ƙarshe ka ce ta yi aikin farko, da ta gaza kuma ka koma wadda muke rage katako ɗanye da ita. 400 ba ta cire banish ko kwana za ka yi, 40 kuma ba a kai ta kan teburin da aka riga aka gama shi.

Kafin ma ka taɓa samfefa, kankare tsohon banish ɗin tukuna da ƙarfen kankara, wannan faffaɗan da masu fenti ke riƙewa, ka kwantar da shi kar bakinsa ya nitse. Danƙon da ka gani banish ne ya yi zafi ya liƙe tsakanin tsakuwar, da zarar ya cike ta shi ke nan ta daina ci, shafa kawai kake yi. Bayan kankara ka sayi lamba huɗu, 80, 120, 180 da 220, irin mai launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja da ake sayarwa a naɗe ana yanka maka, ita ce ta katako. Gefen da 40 ta yakushe ka fara shi da 80 har sai ba ka ganin zane ko ɗaya, nan za ka fi daɗewa, kada ka gaji ka ce ai ta gaba za ta ƙarasa, ba za ta ƙarasa ba, kowace lamba aikinta ta share zanen wadda ta gabace ta ne kawai, in ka yi tsalle daga 80 zuwa 220 zanen 80 yana nan kwance ba ka gani sai ranar da ka shafa banish ya fito raɗau, kuma ranar babu gyara sai ka kankare ka sake daga farko. Na ga wannan a hannun yaran shago ba sau ɗaya ba.

Abu biyu kuma. Ka bi jijiyar katakon, yadda zarenta ya miƙe haka hannunka zai miƙe, ban da gicciye, ban da zagaye. Sannan kar ka riƙe takardar da yatsu, yanki guntun katako mai shafaffen ciki kamar girman sabulu ka naɗe ta a kai, yatsa yana yin rami a saman teburi, sai haske ya bugo ka gan shi yana hawa da sauka.

Mai Fentin Mota, Farin Gada:
Baba ya gama magana a kan katako, ni dai in ce wani abu a kan baƙar da aka sayar maka tunda kullum ita ce a hannuna. Kar ka yar da ita oga, samfefar ruwa ce, tsakuwarta daban da ta katako kuma takardar ba ta jin ruwa, mu jiƙa ta muke a bokiti mu goge fenti da ita, 400, 600, 800, in ana son ƙyalli bayan fesawa har 1500 da 2000 muke kaiwa. Ruwan ne yake wanke garin shi ya sa ba ta cikewa. Amma fa a kan fenti ko ƙarfe, kar ka je ka kwarara wa ɗanyen katako ruwa.

Ƙofarka kuwa fara da buroshin waya ka kakkaɓe tsatsar da ta tashi, sai ka bi da 80, in ka samu mai bayan ƙyalle ta fi don ta takarda yagewa take a kusurwar ƙarfe da wajen walda. Ka bi da 120 ko 180 ka tsaya nan, ba a son ƙarfe ya yi santsi sosai, fenti yana son abin kamawa. Kuma ranar da ka goge ranar za ka shafa jan fentin nan na hana tsatsa, ka san garin nan in damina ta kankama, ka bar ƙarfe tsirara ya kwana da safe ka tarar ya yi ja.

Uwar Biyu:
Ɗan'uwa kafin ka bi shawarar 80 ɗin nan dan Allah leƙa ƙarƙashin teburin da gefensa ka tabbatar katako ne gaba ɗaya ba falle aka manna a sama ba. Ni a Kubwa nake, na taɓa sayo samfefa a Dei-Dei na ce zan gyara durowar ɗakina da kaina, ashe saman wani siririn falle ne da bai kai kaurin kati ba, minti kaɗan na huda shi wani farin katako ya leƙo, har yau in na kalli wurin sai na ji ba daɗi. Irin wannan da 180 ake lallaɓa shi a hankali.

Sai maganar ƙura, wadda ita ce ma ta sa na yi rubutu. Fito da shi tsakar gida, ka rufe hanci da takunkumi, yara su yi nesa, musamman ranar ƙofar, saboda tsofaffin fentin mai akwai masu dalma a ciki kuma garin ne yake shiga jikin yaro. Duk mun tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, can daga haƙar zinariya ne amma gubar ɗaya ce. In ka gama ka goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kar a sa tsintsiya ta tayar da ita.

Ɗan Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Uwar Biyu, na duba, katako ne tsantsa, zaren sama ya zarce har gefe. Baba tambaya ta ƙarshe, ta ya zan san lokacin canza lamba ya yi? Kuma tunda ina da 400 ɗin me zai hana in ƙarasa da ita ya fi sulɓi?

Tsohon Kafinta:
Ɗauki fensir ka yi zane sama-sama ko'ina a kan teburin, ka goga har fensir ya ɓace duka, inda ya rage nan ne kwari, to ka share garin tas sannan ka hau lamba ta gaba ka sake zanawa. Share garin nan kar ka raina shi, tsakuwa ɗaya ta 80 in ta maƙale ƙarƙashin 220 sai ta ja maka layi daga wannan baki zuwa wancan. Ka riƙa dubawa da safe ko da yamma lokacin da rana ke bugowa ta gefe, ko ka kwantar da tocilan a kai, da tsakar rana ido yana ruɗi.

400 a kan ɗanyen katako a'a. In ya yi santsi da yawa ƙofofinsa toshewa suke, kala ba ta shiga daidai, sai ka ga wani wuri ya sha wani bai sha ba. Tsaya a 220. Da ka kai 180 ka shafe shi da tsumma mai ɗan danshi, danshi kawai ba jiƙawa ba, ka bari ya bushe, za ka ji gashi-gashi ya tashi, shi 220 za ta kwashe. Ita 400 ɗinka lokacinta bayan shafin farko ne, in banish ya bushe sarai ka bi da ita sama-sama ba dannawa, ka share, ka ƙara shafi na biyu. Da sanyin Jos kar ka yarda da awannin da aka rubuta a gwangwani, bar shi ya kwana, in ka goga ka ga farin gari yana fita ya bushe, in yana dunƙulewa a takardar ajiye ka ƙara masa yini.

Baƙin tabon ruwan nan kuma kar ka zauna a kansa kana haƙa, wani lokaci ya shige ciki sosai, za ka yi rami tabon yana nan. Goge shi daidai da sauran teburin, abin da ya rage ka turo hotonsa in gani kafin ka shafa komai.