Wai me ke kayar da helikwafta wajen kashe gobarar daji?

Auta:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kalli wani bidiyo, helikwafta ya sauko kan tafki ya tsoma ƙaton bokitin nan da ke rataye a ƙarƙashinsa, ya ciko ruwa, yana ɗagowa sai na ga yana tangaɗi kamar zai koma ciki, wallahi sai da gabana ya faɗi. Tun jiyan abin yake raina. Zafin wutar ne ke kayar da su ko hayaƙi? Masu sani a taimaka min.

Bakanike:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mutane na ɗauka harshen wuta ne ke lasar jirgin, alhali nauyi da iska sun fi yin ɓarna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, babban jirgin nan Skycrane yana ɗaukar kusan lita 10,000, kin ga wajen tan goma kenan a ƙasan cikinsa. Ita kuma iska in ta yi zafi, ko a saman duwatsu, sai ta yi shara-shara, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu, to jirgin da ya ɗaga kaya lafiya lau da sanyin safiya sai ki ga da azahar yana nishi da kayan nan dai. A 2008 a Kalifoniya wani helikwafta ƙirar Sikorsky S-61 ya kwaso ma'aikatan kashe gobara daga kan dutse, ya kasa ɗagawa, ya bugi bishiyoyi ya faɗi ya kama da wuta, mutum 9 suka rasu. Bincike ya gano an rage nauyin jirgin a takarda, matuƙan suka tashi da lissafin ƙarya ba su sani ba. Wannan ne yake min ciwo har yau.

Ummu Yara:
Innalillahi. Malam ka bar hayaƙin kuwa, ai shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Suna tafiya ƙasa-ƙasa cikin kwazazzabo ga wayoyin lantarki, wayar da ko da rana tsaka da ƙyar ake ganinta balle cikin hayaƙi, ga jirage da yawa suna zagaye wuta ɗaya. A Agustan 2023 helikwafta biyu suka yi karo a Cabazon, can Kalifoniyan dai, ɗaya ya sauka lafiya, mutum 3 da ke cikin ɗayan duk suka mutu. Shi ya sa masu tura drone, ɗan ƙaramin jirgin nan mara matuƙi, don ɗaukar hoto suke ban haushi, da an ga drone dole a dakatar da jiragen, wuta kuwa ba ta jira.

Auta:
To Yaya me zai hana su hau sama sosai su zubo ruwan daga can?

Bakanike:
Ai da sun yi aikin banza, ruwan zai watse ya zama feshi iska ta kwashe kafin ya taɓa ƙasa. Dole sai an sauko, kuma a ƙasan nan in inji ya yi gardama babu tazarar da matuƙi zai gyara komai. Ɗibar ruwan ma haɗari ne, a 2019 wani Skycrane ya afka cikin dam a jihar Biktoriya ta Ostireliya, Allah Ya yi da sauran kwana mutum ukun suka fito da rai. Ki ƙara da gajiya, mutum ya wuni yana ɗiba yana zubawa sawu bayan sawu, ido na kan bokiti da bishiya da waya lokaci guda.