PCV (kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini) na ɗan mujiya ya tsaya a 29%: ƙarancin jini ne ko ƙuruciya?

Assalamu alaikum, likitocin dabbobi.

Yau kwana 10 da aka kawo mini ɗan farar mujiya da ya faɗo daga rufin wani tsohon sito. Gashin jarirantaka bai gama zuba ba. Yana cin ɓera sosai, ba karaya, ba rauni.

Na ɗebi jini ta jijiyar fiffike. Injin ƙirga ya ba ni shirme, tunda jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu suna da cibiya (nucleus) kamar fararen ƙwayoyin jini, sai ya lissafa su cikin farare. Dole na koma ƙirgawa da ido a madubin likita. PCV ya fito 29%, alhali ma'aunin manyan tsuntsaye da ke hannuna 35 zuwa 55 ne. ALP (wani sinadari a jini da ke da alaƙa da ƙashi) ya haura, amma wannan bai dame ni ba, ƙashinsa na kan girma ne. Yurik asid (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini) ma ya hau, da ya kwana bai ci ba sai ya sauko. PCV kuwa ko gezau. Ba ƙwan tsutsa a kashinsa, ba ƙwayar cuta a jinin.

Don Allah, a wannan shekarun 29% daidai ne, ko in fara maganin ƙarancin jini?