Wace kalmar Turanci zan sa a wasiƙar mai shago don a gama magana tun da wuri?

Ɗan Alabar:

Assalamu alaikum jama'a. Kawuna tela ne a nan unguwar Alabar ta Kumasi, ni nake rubuta masa duk wata takardar boko. Tsohon da ya ba shi hayar shagon ya rasu bara, ɗan ƙanwarsa ya gaje shi kamar yadda Tonawa, wato mutanen Asante, suka saba. Shi kuwa magajin yana Landan, kuma ba ya ciniki a waya, komai sai a rubuce ta imel. Kuɗin da muka biya zai ƙare ƙarshen Disamba. Kawu so yake a yanke sabon farashi tun yanzu, kada a wayi gari cikin Janairu a ce masa ko ya biya abin da aka yanka masa ko ya kwashe kekunansa.

Na tara kalmomi: pre-empt, forestall, anticipate, expedite, in advance. A ƙamus duk kamar 'yan gida ɗaya suke. Ga abin da na rubuta: "We wish to pre-empt the rent issue in advance." Ina so mutumin ya san ba da jahilai yake magana ba. Ya yi, ko da gyara?

Tsohon Ticha, Asawase:

Wa alaikumus salam ɗana. Akwai gyara, babba ma.

Pre-empt ba kalmar zaman sulhu ba ce. Asalinta daga Latin ne, riga wani sayen abu, kuma har yau tana ɗauke da wannan ƙamshin: ka hango abin da mutum zai yi, ka riga shi, ka toshe masa hanya. Idan ya karanta ta a layin farko, abin da zai ji shi ne kun zarge shi da shirin cuta kun fito ku tare shi. Ko da hakan ne a zuciyar kawunka, ba a rubutawa.

Forestall ta fi ta muni a nan. A Ingila ta dā, sunan laifi ne: mutum ya je ya tare masu kawo kaya a hanya, ya saye tun kafin su iso kasuwa don ya tsauwala farashi. Sai a 1844 aka soke dokar da ke hukunta shi. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, akwai hadisin da ya hana tarbar ayari kafin ya shigo kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rububin motar doya ko ta albasa da asuba ya san abin. Yau ma'anarta hana wani mugun abu faruwa ta hanyar riga shi. Ana forestall rikici, ba a forestall mutumin da kake neman alfarma a wurinsa. Za ka iya cewa "to forestall any misunderstanding", wannan ba laifi, don abin da kake tarewa rashin fahimta ne, ba shi ba.

Anticipate hange ne da shiri, ba ta da faɗa a cikinta. "We anticipate that the rent may be reviewed" na nufin mun san ƙari na iya zuwa, ba mu yi mamaki ba. Amma ka lura, da ka rubuta haka ka buɗe masa ƙofar ƙarin da hannunka. Expedite kuwa hanzarta aikin da ya riga ya soma ne, irin na takardu a ofis. Naku bai soma ba.

Ni da zan rubuta, cewa zan yi: "We would like to agree the new terms well before the tenancy expires on 31 December." Babu kalma mai nauyi ko ɗaya, kuma mutumin Landan zai fi ganin girmanta.

Hajiyar Kejetia:

Ticha ya gama da nahawu, ni bari in faɗi na kasuwa. Ɗana, ka goge "advance" ɗin nan gaba ɗaya. A Turancin Ingila tun da wuri take nufi, na yarda. Amma a Gana idan aka haɗa ta da maganar haya, kowa adibas yake ji, na shekara biyu ko uku. Kana cewa mu yi magana da wuri, shi yana jin kun shirya kuɗi. Dokar haya ta 1963 wata shida ta ce iyaka, kowa kuma ya san ba a bi, amma kada bakinka ya fara kawo maganar.

Haka "goodwill". Yaran boko na son rufe wasiƙa da ita wai fatan alheri. A nan sunan dunƙulen kuɗin da ake biya ne kafin a ba ka shago. Kada ta shiga.

Sannan idan an zo farashi, a rubuta da lamba da kuma harafi, a sa GH₵ a gaba. Tun 2007 aka canza kuɗi, amma tsofaffi irin kawunka har gobe sidi dubu ɗaya miliyan goma suke ce mata.

Magatakarda, Tema:

Ni aikina fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, kullum cikin irin waɗannan wasiƙu nake. Kalmomin da suke ɗaure mutum ba su ne masu ƙyalli ba. Ka kula da abin da zai dawo maka da shi. Idan ya ce farashin "tentative" ne ko "provisional", ba a gama ba, zai iya canzawa gobe. "In principle" ya yarda da baki, bai sa hannu ba. "In due course" kuwa tamkar Bahaushe ya ce maka "sai na neme ka" ne. Abin da kake so ka gani shi ne "confirmed" ko "agreed", da adadi, da kwanan wata.

Kai ma kada ka rubuta "as soon as possible". Rubuta "by 31 October". By na nufin ranar ko kafin ta. Wata biyun da suka rage su ne kawunka zai nemi wani shago idan magana ta ƙi, Turawa na kiran irin wannan shirin ko-ta-kwana "contingency plan", amma wannan tsakaninku ne, ba ta shiga wasiƙa.

Inda na saɓa da Ticha kaɗan: ba na ganin laifin anticipate idan ka ɗaura mata iyaka. Mutum na Landan ya san sidi ta faɗi, ƙari zai yi ko ka ambata ko ba ka ambata ba. Gara ka riga shi faɗin adadin da za ku iya.

Tsohon Ticha, Asawase:

Wannan kuma ai shi ne pre-empt ɗin, sai dai an yi shi ba a kira sunansa ba. Ban ƙi ba, in dai kawun ya yarda ya fara faɗin kuɗi. Telolin da na sani ba sa so.

Ɗan Alabar:

Na gode Baba Ticha, na gode Hajiya, na gode Yaya. Na karanta wa Kawu duka bayan Magariba. Ya yarda da 31 ga Oktoba, ya ce a cire adibas, amma adadi kam ya rantse ba zai fara faɗa ba, wai mai kaya ne ke sa suna. Saura abu ɗaya: yana so a sa cewa shekarunsa da marigayin ba su taɓa yin sa-in-sa kan kuɗi ba. A farkon wasiƙar zan sa shi ko a ƙarshe?