Neman shawara: sati takwas da cire min ɓangaren huhu, ko akwai wanda ya taɓa shiga wannan hali?

Maman Usaina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, da wayar 'yata nake yi, dare ya raba kuma barci ya ƙi zuwa. Ina wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, shekarata 46, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun ina amarya. Tari ya kama ni da hunturun bara waccan. Na sha na kyamis, na sha saiwa, daga baya a asibiti aka ce tarin fuka ne. Wata shida cif ina shan magani, fitsarina har ja ya koma, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Aka ware min kwano da moɗa, abokiyar zamana ta hana 'ya'yanta leƙa ɗakina, yaran da ni na goya biyu daga cikinsu. Wannan ma zance ne na wata rana. Magani ya ƙare tari bai tafi ba, sai ga jini a kaki. Ƙanena da ke awon hatsi a Dawanau shi ya ɗauke ni zuwa Kano, aka yi hoton ƙirji, aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce ciwon daji ne a huhun dama. Ni da ko karan taba ban taɓa riƙewa ba. Maigida ya sayar da shanun huɗa, ni na sayar da gonar gadona. Likita ya ce huhun dama kashi uku ne, na ƙasan suka cire. Kwana biyar na yi da roba a haƙarƙari.

Yanzu ɗinki ya warke a ido, amma ciki kamar ana tsira min tsinke, ƙasan nono kuma ya mutu murus, ko na taɓa ba na ji. Daga ɗaki zuwa rijiya sai na tsaya na huta. Sallah a zaune nake yi. Kowa sai ya ce ai kin warke, ki gode Allah. Na gode masa, amma so nake na ji daga bakin wanda aka yi wa irin wannan aikin, haka abin yake, ko ciwon ne ya dawo?

Ummu Khalil:
Wa'alaikumussalam Yaya. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Alhaji Na Gumel:
Baiwar Allah, tun farko aka yi kuskure. Daji ba ya son ƙarfe, kowa ya san wannan. Amma aikin gama ya gama. Ki samu zuma farar saƙa da man habbatus sauda, cokali ɗaya safe da yamma, ki haɗa da nonon raƙumi. Da dare a yi miki hayaƙin tazargade ki lulluɓa. Mutum nawa na ga sun tashi da wannan.

Sista Rabi:
Alhaji, da girmanka, ban da hayaƙi. Wadda aka rage wa huhu ba ta da abokin gaba kamar hayaƙi, na itace ne ko na turare. Kuma in likita ya ce za a iya yankewa, alama ce an tari ciwon bai bazu ba, da yawa sai lokaci ya ƙure suke zuwa. Zuma ki sha abinki in ba ki da ciwon suga, amma abinci ce. Maman Usaina, akwai jijiya da ke bin ƙarƙashin kowane haƙarƙari, ita ake taɓawa wajen buɗe ƙirji, shi ya sa sukan da mutuwar fatar, kuma yakan ɗauki watanni. Abin da ba a kwana da shi a gida: zazzaɓi, jini a kaki, ruwa ko mugunya daga ɗinki, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya ƙara ƙuntata farat ɗaya.

Baban Walida:
Asibitin ma ai sai mai shi. Mahaifina na kai daga Jahun, muka kwana uku a baranda kafin a ba mu gado, kowane gwaji da kuɗinsa, ranar da aka ce mu dawo muka tarar ana yajin aiki. Shi ba huhu ba ne, mafitsara ce, amma duk ɗaya ne. Talaka dai Allah ya kiyashe shi da ciwo.

Maman Biyu:
Ni zancen abokiyar zaman nan ne ya tsaya min a rai. Lokacin da aka yi min tiyatar haihuwa tawa ko ruwan zafi ba ta taɓa ɗora min ba. Ki sa ido kan kayan sana'arki.

Malam Idi Direba:
Hajiya, sannu. Ni an yi min, shekara uku ke nan, a huhun hagu, aka cire na sama daga kashi biyun. Ni kam taba ce, na fi shekara ashirin ina zuƙa a hanyar Haɗeja zuwa Kano. Duk abin da kika faɗa na ji shi. Fatar nan sai da ta shekara kafin ta fara dawowa, har yau in an yi sanyi tana tuna min. In tari ya zo ki rungume matashi ki danne gefen, kar ki haɗiye tarin don tsoron zafi, kakin ne zai taru ya zama wani ciwon. Robar nan mai ƙwallaye uku da ake ja da numfashi, in sun ba ki kar ki bar wa yara su yi wasa da ita. Tafiya kullum, ni daga ƙofar gida zuwa masallaci na fara, sati ya zagayo na ƙara zuwa bakin kasuwa. Hannun ɓangaren da aka yi aikin ki riƙa hawa bango da yatsu kar kafaɗa ta sandare. Kukan dare ma na yi shi, ban gaya wa iyalina ba. Amma ban ji kin yi zancen komawa ba. Wace rana suka ba ki?

Maman Usaina:
Malam, Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi a raina. Komawa kam sun ce bayan sati huɗu, wai sun ga ciwon a wasu kaluluwa da suka cire tare da huhun, za a sa min kemo, wato ruwan maganin daji da ake ƙarawa ta jijiya, sau huɗu, duk bayan sati uku. Ban koma ba.

Sista Rabi:
Ai wannan ce maganar, Yaya, ita ya kamata ki fara faɗa. Ana yin kemon ne don abin da ya rage wanda ido ba ya gani, kuma yana da lokaci, ba a son a yi nisa da ranar aiki. Ki shirya cikin satin nan.

Alhaji Na Gumel:
Kin yi daidai da kika zauna. Ruwan nan shi ke ƙarasa mutum, gashi ya zube, abinci ya gagara. Su ma'aikatan asibiti dole su kare tuwonsu. Ki riƙe abin da na gaya miki kwana arba'in, ki zo nan ki ba da labari.

Malam Idi Direba:
Alhaji, ni an sa min sau huɗu, ga ni ina jan mota. Da wuya, ban ce babu ba, na yi amai na rame.

Alhaji Na Gumel:
Kwananka ne ke gaba, Direba.

Maman Usaina:
Ba taurin kai ba ne, Sista. Da me zan koma? Shanu sun tafi, gona ta tafi, ƙanena ma sai da ya ci bashi. Maƙwabciyarmu an yi mata ruwan nan na nono, ba ta ga damina ba. Ga Usaina an sa ranarta bayan Sallah, ko kwano ban saya ba. Kuma ku da kuke cewa hayaƙi, ni fa ba na tuya yanzu, yara ne ke yi, ni zama kawai nake a gefe ina nuna musu, in ba haka ba ƙona min ƙuli suke.

Sista Rabi:
Zaman gefen murhu ma shaƙa ce. Ki je ko don ki ji sakamakon da kunnenki, ki gaya musu ba kuɗi, ki nemi ofishin da ke kula da marasa ƙarfi. Akwai kuma maganin ciwon jijiya da za su rubuta miki, kar ki bari a sayo miki tramadol a kyamis.

Maman Usaina:
To, in maigida ya sayar da riɗi zan yi masa maganar, yanzu farashi bai yi ba. Zumar na aika a sayo. Malam Idi, kai nawa ka kashe a kowane zuwa, kuma sai da ka kwana a Kano ko ranar kake juyowa?

Maman Biyu:
Yaya, kwalbar man gyaɗar nawa kike bayarwa yanzu? Kuna aikowa Dutse?