Irin da aka sauya wa halitta: abin da muka gani a gona da kasuwa

Manomin wake daga Sandamu:
Assalamu alaikum. Tun da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da waken nan SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, maganar irin GMO, wato irin da aka sauya wa halitta kamar shi wannan wake, ba ta kwanta a majalisunmu na ƙasar Daura ba. Wasu na cewa yana kashe ƙasa, wasu na cewa yana illa ga mai ci, wasu kuma ba su da irin da ya fi shi. Ina roƙon wanda ya shuka, ko ya saya, ko ya dafa, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, domin damina na ƙaratowa kuma kuɗin iri ba abin wasa ba ne.

Manomi daga Mai'aduwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni na shuka shi, kuma abin da na fara lura da shi shi ne tsutsar nan da ke shiga furen wake ta huda kwanso ta cinye ƙwaya tun tana ɗanya ba ta yi mini ɓarnar da na saba gani ba. Masu binciken sun ce feshi zai ragu daga sau 6 zuwa 8 ya dawo sau 2, kuma hakika injin feshina ya huta, haka ma ƙirjina, don duk wanda ya taɓa goya injin nan da rana tsaka ya san yadda maganin ke hawa kai. Sai dai kada wani ya ɗauka an yi sallama da feshi gaba ɗaya, saboda darɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan yadda suke. Na ajiye irin na sake shukawa, ya tsiro lafiya. Inda bai gamsar da ni ba shi ne harawa, domin bai yaɗo kamar wakenmu na gida ba, mu kuwa masu kiwon raguna harawa rabin amfanin gonarmu ce. Shi ya sa ban rabu da irin gida ba.

Manomin masara daga Bakori:
Ina so in gyara wata magana da ta yaɗu a yankinmu na Funtuwa, cewa irin GMO ba ya tsira idan an sake shuka shi. Mu da muka daɗe muna noman masara mai aure, wato wadda aka haɗa iri biyu aka fitar da ita, mun san cewa idan ka ajiye abin da ka girbe ka mayar gona zai tsiro, amma ba zai ba ka yabanya irin ta farko ba, kuma haka abin yake tun kafin a ji sunan GMO. Masarar TELA da gwamnati ta amince a sayar a farkon 2024 ita ma mai aure ce, an ƙara mata kariya daga tsutsar da ta shigo Najeriya a 2016 tana cinye zuciyar masara. Damuwata ba ta tsirowa ba ce. Damuwata ita ce talaka ya wayi gari ba shi da irin kansa a rumbu, kullum sai ya jira mai shago, ga tsada, ga jabu. An taɓa sayar mini da iri a leda mai kyau, da launi an shafa masa, ashe masarar kasuwa ce kawai. Wanda ya iya yin haka, me zai hana shi rubuta TELA a kan abin da ba ita ba?

Mai sana'ar ƙosai da alala a birnin Katsina:
'Yan'uwa manoma, Allah Ya saka da alheri, amma ku kun san abin da kuka shuka, mu masu girki ba mu san abin da muka saya ba. Ina zuwa kasuwa a auna mini wake da tiya, babu takarda, babu suna, ni kuma yaran mutane nake ciyarwa kowace safiya kafin su tafi makaranta. Abin da ya taɓa tayar mini da hankali shi ne waken da na jiƙa warin magani ya cika ɗaki, dole na zubar da shi duk da asarar da na yi. Ban ce a hana kowa shuka abin da ya ga dama ba, amma haƙƙina ne in san abin da ke cikin tukunyata, in zaɓa da kaina.

Malamin gona mai ritaya, Daura:
Hajiya, warin da kika ji na maganin ajiya ne da wasu ke zuba wa wake don ƙwaro, ba shi da alaƙa da sauyin halitta, kuma shi ne haɗarin da muka fi gani da ido. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Shi waken SAMPEA 20-T an sa masa wata siffa ce daga wata ƙwayar halitta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ke samar da sinadarin da ke lalata cikin tsutsa, kuma ba ya hana ƙwaron rumbu, don haka buhun PICS mai ɗauri uku, wanda ke hana iska shiga, ya fi kowane magani aminci wajen ajiya. Maganarki ta neman sani kuwa gaskiya ce tsantsa. Tun 2015 aka kafa hukumar NBMA don tantance irin waɗannan iri kafin su fita, kuma ƙa'ida ta tanadi a sa musu alama, amma ƙa'idar da aka tsara don kaya masu leda ba ta san tiya ba. Ko Majalisar Wakilai a 2024 sai da ta nemi a dakata da irin GMO a yi bincike. A ganina, da an sauko ƙauyuka an yi wa mutane bayani da Hausa tun farko, da tsoron bai kai haka ba.

Ɗan kasuwar hatsi daga Mai'aduwa:
Baba malamin gona ya faɗi gaskiya. Mu a kasuwa muna tara wake daga hannun manoma da yawa, tiya biyar nan, goma can, mu haɗa mu cika buhu, kuma abin da muke dubawa shi ne fari ne ko ja, manya ne ko ƙanana, da huji ko babu. Ba a taɓa tambayata sunan iri ba. Hajiya, idan kina son tabbaci, ki nemi manomi guda da kika yarda da shi ki riƙa saye a hannunsa tun lokacin kaka, ki zuba a buhun da Baba ya ambata. Idan kuma masu saye suka fara tambaya da yawa, mu ma dole mu fara ware buhuna tun daga hannun manomi.