Abin da aka tattauna kan yara da ƙarshen damina

Hirar da muka yi da matan unguwa bayan la'asar ta fi tsayawa kan Gulbin Maraɗi. Daga Agusta zuwa Satumba ruwansa kan cika, yara kuma suna hutun lakwal, sai su sulale wanka. Wata inna ta ce kada a yarda ko da babba ne ya raka su, don ƙasan yashi ne, yana zurmawa. Duk muka amince.

Masu son fita sun ce a tafi tafkin Madarunfa da sassafe, a dawo kafin hadari ya haɗu. Wasu sun fi son a kai yara gona, su ga hatsi ya fidda kai, a gasa musu tumu, su tona sabuwar gyaɗa. Ni ma nan na fi karkata, ba ko dala da za a kashe.

Sai sauro. Kowa ya kwana cikin sange, ƙananan da ba su kai shekara 5 ba kuma a ba su maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata, kwana ukun duka, ba ranar farko kaɗai ba.